Numfashin Inji da Hannun Direba: Ina Makomar Motocin Sukuwa?

A shekarar 2015 kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya ya dakatar da ƙera motarsa mai suna 458, ya maye gurbinta da wata sabuwa mai suna 488. Idan aka bi ta lissafi, babu abin kuka a wannan canji. Injin tsohuwar lita 4.5 ne mai ƙarfin doki 570, na sabuwar kuwa lita 3.9 ne kacal amma ƙarfinsa ya kai doki 670. Ta fi gudu, ta fi saurin zabura, kuma a ma'aunin gwamnati ta fi tsimin mai. Duk da haka masu sha'awar irin waɗannan motoci suka yi ta jimami kamar an yi musu rasuwa. Abin da suke wa kuka shi ne yadda injin ke numfashi: tsohon yana shaƙar iska da kansa, sabon kuwa ɗura ake yi masa.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda ake ƙerawa ba don ɗaukar kaya ko iyali ba, sai don gudu da jin daɗin tuƙi, galibi masu kujeru biyu. Za a kira su motocin sukuwa a nan, domin matsayinsu a tsakanin motoci shi ne matsayin dokin sukuwa a tsakanin dabbobin sufuri. Abubuwa biyu da aka daɗe da sanin su da su suna neman ɓacewa: inji mai shaƙar iska da kansa, da kuma giyar hannu wadda direba ke taka kuloci ya canza. An saba haɗa su a zance kamar Hassan da Hussaini, amma makomarsu ba ɗaya ba ce. Akwai alamun cewa maganin da zai ceci na farko shi ne zai ƙarasa na biyu.

Yadda inji ke numfashi

Duk ɗalibin da ya yi darasin numfashi ya riga ya san rabin aikin inji. Mutum ba ya tura iska cikin huhunsa. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ke sauka, kogon ƙirji ya faɗaɗa, matsin da ke ciki ya ragu, sai iskar waje ta kwararo da nauyin kanta. Haka fistin yake yi a cikin silinda: ya sauka, bawul ya buɗe, iska ta shiga. Daga nan ya hau ya matse ta tare da fetur, fulogi ya kunna wuta, ƙarfin fashewar ya tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Wannan tsari na matakai huɗu Bajamushen nan Nikolaus Otto ne ya daidaita shi a 1876, kuma har yau a kansa ake tafiya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, inji ya fi buƙatar iska a kan mai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami kilo 14.7 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana cinye kimanin lita 9,000 ta iska, kusan abin da baligi ke shaƙa a yini guda da darensa idan yana hutawa. Zuba mai abu ne mai sauƙi; shigar da iska ita ce matsalar. Saboda haka ƙarfin kowane injin fetur yana rataye ne a kan yawan iskar da zai iya haɗiya a minti ɗaya.

Injin da ke dogaro da matsin iskar duniya kaɗai hanya biyu gare shi ta ƙara ƙarfi: ko a faɗaɗa huhunsa, ko a sa shi ya yi ta numfashi da sauri. Hanya ta biyu ita ce ta haifar da injinan da aka fi yabo. Honda S2000 da ta fito a 1999 injinta lita 2 ne, amma yana juyi har sau 9,000 a minti ɗaya, wato sau 150 a daƙiƙa guda. Kafin ƙarfe ya jure wannan, dole kowane fistin ya zama marar nauyi, kowane bawul ya buɗe ya rufe a kan ƙa'ida ba tare da ya yi tsalle ba. Ladan wannan wahala shi ne inji mai amsa kira nan take. Da direba ya taɓa totur, ƙarfi ya zo daidai gwargwadon abin da ya taka, kuma yana ƙaruwa a hankali tare da sautin injin, har kunne ya iya gaya wa direba inda yake ba tare da ya dubi agogo ba.

Akwai hanya ta uku, kuma halitta ta riga injiniyoyi gano ta. Kwaɗo ba shi da tantanin ƙirji irin na mutum. Cika bakinsa yake yi da iska, ya rufe hanci, ya matsa maƙogwaro ya tura ta cikin huhu da ƙarfi. Maƙeri ma abin da yake yi ke nan da zuga-zugi idan yana son gawayi ya yi jajir. A inji, na'urar da ke wannan aiki ita ce turbo, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Dabarar tana da ban sha'awa. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da ke cikin fetur yana fita ne a banza ta salansa. Sai aka sa wata 'yar farfela a hanyar hayaƙin, hayaƙi ya juya ta fiye da sau 150,000 a minti, ita kuma ta juya wata farfelar da ke ɗura iska cikin silinda. Da haka ƙaramin inji yake yin aikin babba. Wani amfanin kuma shi ne a kan tudu: inji mai shaƙa da kansa yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don haka motar da ta taso daga Legas tana isa Jos ta zubar da fiye da kashi goma, alhali mai turbo ba ta cika jin wannan ba.

Turbo ya shiga motocin fasinja a Amurka a 1962, Porsche kuma ta fito da shahararriyar 911 Turbo a 1975. Aibinsa na farko jinkiri ne. Direba zai taka totur, shiru, sai bayan farfelar ta ɗauki wuta ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar harbin jaki, wani lokaci a tsakiyar kwana. Injiniyoyi sun rage wannan jinkiri ƙwarai, har Porsche ta sa wa turbo ɗin 911 GTS ta 2024 ƙaramin injin lantarki da ke juya shi tun kafin hayaƙi ya iso. Abin da ba su iya gyarawa ba shi ne sauti, domin farfelar da ke zaune a hanyar hayaƙi tana dakushe muryar injin.

Wa ya yanke hukuncin?

Ba masu saye ne suka nemi a canza ba, doka ce ta tilasta, kuma dokar tana da hujja. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon-dayoksaid, wadda ke kan gaba wajen ɗumama duniya. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2021 zuwa 2024 matsakaicin abin da sabbin motoci za su fitar kada ya wuce giram 95 a kilomita ɗaya, wato kamar shan lita 4.1 a tafiyar kilomita 100. Tarar saɓawa ita ce yuro 95 a kan kowane giram ɗaya da ya haura, a ninka da yawan motocin da kamfani ya sayar. Kamfanin da ya sayar da mota miliyan ɗaya ya kuma wuce da giram ɗaya tak, yuro miliyan 95 zai biya. Porsche 911 GT3 kuwa tana fitar da kusan giram 300. A ƙasar Sin harajin mota yana bin girman inji ne, daga kashi 1 cikin 100 ga mai lita ɗaya zuwa kashi 40 ga wanda ya haura lita huɗu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yawan injinan zamani da suka tsaya a lita 3.9 ko ƙasa kaɗan da 4 ba.

Sai kamfanoni suka bi layi. Porsche ta sa wa 911 Carrera turbo a 2015. Gasar Formula 1 ta riga ta ajiye injinanta masu silinda takwas da ke juyi sau 18,000 a ƙarshen 2013, ta koma ƙanana masu lita 1.6 da turbo da taimakon lantarki. Waɗannan sababbin sun kai ga mayar da fiye da rabin ƙarfin mai zuwa motsi, abin da injin fetur bai taɓa yi ba, amma 'yan kallo ba su daina ƙorafin cewa an sace musu ƙara ba. A 2024 Lamborghini da Audi suka rufe babin injinsu mai silinda goma na Huracán da R8.

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ke nufin daga 2035 ba za a sayar da sabuwar mota mai fitar da kabon-dayoksaid ba, bayan Jamus ta nace sai an bar ƙofa ga motocin da ke shan fetur ɗin haɗi. A Disambar 2025 kuma hukumar zartarwar Tarayyar ta kawo shawarar sassauta wannan buri zuwa ragin kashi 90 cikin 100. Ko an sassauta ko ba a sassauta ba, alƙiblar a bayyane take.

Amma abin mamaki ya faru a ƙololuwar kasuwa. Bugatti, wadda ta yi suna da inji mai turbo har guda huɗu, ta fito da Tourbillon a 2024 da inji mai silinda 16, lita 8.3, ba turbo ko ɗaya. Lamborghini Revuelto ta 2023 ta riƙe injinta mai silinda 12 mai shaƙa da kansa. Sirrin duka biyun ɗaya ne: injinan lantarki guda uku da batir. Raunin inji mai shaƙa da kansa shi ne ba shi da ƙarfin murɗa sosai idan yana juyi a hankali, injin lantarki kuwa a nan ne ya fi ƙarfi, tun daga tsaye. Ɗaya ya toshe ɓarakar ɗaya. Har ila yau batirin yana ba motar damar yin wani ɓangare na gwajin gwamnati ba tare da ƙona mai ba, sai alƙalumanta su yi kyau a takarda. Lantarkin da aka zata shi ne ajalin wannan inji, sai ga shi ya zama sandar da yake dogarawa.

Giyar hannu

Labarin giya ya fi wannan duhu. Mota tana buƙatar giya ne domin injin fetur ba ya iya tashi da kaya daga tsaye, kuma ƙarfinsa mai amfani yana cikin wani ɗan tsakani na juyi. Giya ita ce ke daidaita juyin inji da juyin taya, kamar yadda mai keken giya ke sauyawa idan ya zo hawa. An fara sayar da mota mai cikakkiyar giyar otomatik da yawa a Amurka tun 1940, amma shekaru da dama irin wannan giya ta kasance mai nawa da shan mai, direban da ya san hannunsa yana raina ta. A wancan zamani giyar hannu ta fi sauri, ta fi tsimi, ta fi araha.

Biyu daga cikin waɗannan hujjoji uku sun rushe. A 1989 Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da Ferrari wadda ake canza mata giya da yatsu a bayan sitiyari. A 2003 Volkswagen ta fito da giya mai kuloci biyu a Golf R32: yayin da giya ɗaya ke aiki, ta gaba tana shirye a kan kulocin na biyu, sai kwamfuta ta sauya su cikin ƙiftawar ido ba tare da ƙarfi ya yanke ba. Alƙaluman Porsche da kanta sun nuna bambancin. GT3 ta 2021 tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 3.4 da irin wannan giya, da giyar hannu kuwa sai 3.9. Ferrari ta daina giyar hannu tun wajen 2012, Lamborghini ta bi sahu da ƙarewar Gallardo a 2013, Chevrolet Corvette ta 2020 ta fito babu ita, Golf GTI ma ta rabu da ita a 2024. A Amurka motoci masu giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari na sabbin da ake sayarwa ba, kuma tun 2019 motocin lantarki suka fi su kasuwa a can. A Birtaniya masu otomatik sun zarce su a 2020, kuma dokar ƙasar ta ce wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik ba shi da izinin tuƙa mai giyar hannu. Duk matashin da ya zaɓi hanya mai sauƙi, an yi asarar mai saye ɗaya har abada.

Ga kuma inda hanyoyin biyu suka rabu. Motar da ta haɗa fetur da lantarki tana buƙatar kwamfuta ta riƙa yanke shawara sau da yawa a daƙiƙa: wane inji zai ja, yaushe za a kashe na fetur, nawa za a mayar cikin batir idan an taka birki. Direban da ke iya taka kuloci a duk lokacin da ya ga dama yana dagula wannan lissafi. An taɓa haɗa su, kamar a Honda CR-Z ta 2010, amma da ƙaramin injin lantarki ne. Revuelto da Tourbillon duka babu mai giyar hannu. Motar lantarki zalla kuwa galibi giya ɗaya ta ishe ta.

To me ya sa har yanzu ake nemanta? A 2013 Porsche ta fitar da GT3 ba tare da zaɓin giyar hannu ba, tana mai kafa hujja da agogo. Masu saye suka yi bore. A 2016 ta gwada su da 911 R, guda 991 kacal, duka masu giyar hannu. Aka wawashe su, farashinsu a hannu na biyu ya ninka. A 2017 giyar hannu ta dawo GT3. Toyota ma ta ƙara wa Supra ita a 2022 bayan irin wannan matsin lamba.

Amsar tana cikin jikin ɗan Adam, ba cikin ƙarfe ba. Mai koyon tuƙi da farko yana tunanin kowane motsi: ƙafar hagu ta sauka, ta dama ta ɗaga, hannu ya ja, mota ta yi tari ta mutu. Bayan watanni sai aikin ya sauka daga sashen tunani zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da ɗabi'ar motsi, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi suna kai rahoton inda kuloci ya fara kamawa, kunne yana auna juyin inji, sai gaɓoɓi huɗu su yi aiki tare ba tare da mai su ya ba da umarni ba. Irin gwanintar da masaƙi ko mai buga kalangu ke da ita ke nan, kuma daɗin da ke cikinta na gaske ne, ba ƙauyanci ba. Wanda ya sayi motar sukuwa ba rabin daƙiƙa yake saye ba. A kan titin gwamnati ma babu inda zai yi amfani da ita. Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa Hyundai ta sa wa motarta ta lantarki Ioniq 5 N ta 2023 giyoyin ƙarya guda takwas da kukan inji na lasifika, har da ɗan fizga idan an canza. Waɗanda suka tuƙa ta sun yaba. Sai dai gwanintar da babu hukuncin kuskure a cikinta wasan yara ce, domin injin da babu shi ba ya mutuwa a hannun mai koyo.

Tsira a gidan zu

Masu kyakkyawan zato sukan kawo misalai su ce babu abin tsoro. Ga Ferrari 12Cilindri ta 2024 mai juyi 9,500. Ga Corvette Z06 mai lita 5.5 da doki 670 ba turbo. Ga kuma T.50 ta Gordon Murray, injiniyan da aka haifa a Durban ta Afirka ta Kudu: silinda 12, juyi 12,100 a minti, giyar hannu shida, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Gaskiya ne duka. Amma T.50 guda 100 aka ƙera ta titi, kowace a kan fiye da fam miliyan biyu, kuma dokar Turai ta keɓe kamfanonin da ba su sayar da mota 1,000 a shekara daga ƙa'idar hayaƙin. Masanin halittu ba ya cewa dabba ta tsira don akwai 'yan ƙwarori a gidan zu. Tsira ita ce ta ci gaba da hayayyafa a mazauninta.

Mazaunin motar sukuwa na asali shi ne aljihun ma'aikaci mai matsakaicin hali, kuma a nan ne ɓarnar take. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 ta kuma haura guda miliyan ɗaya a 2016, ita ce misali mafi kyau: nauyinta kimanin tan ɗaya, ƙaramin inji ba turbo, giyar hannu. Ba ta da gudun tsiya, shan manta bai fi na motar iyali ba. Duk da haka a 2024 an janye mai lita 2 daga kasuwannin Tarayyar Turai, Toyota GR86 ma shekara biyu kawai ta yi a can kafin sabbin ƙa'idojin kariya su kore ta. Kamfani ba zai kashe kuɗin sake fasali da sake gwaji a kan motar da ribarta kaɗan ce ba, kuma kowace irin giya gwajinta daban.

A nan ne dokar ta cancanci suka. Burinta daidai ne, kuma babu wani sautin inji da ya kai darajar damina mai zuwa a kan kari ko huhun yaro mai lafiya. Amma ma'auninta ya karkace. Shekaru da dama tsarin Turai yana ɗaga wa kamfanin da motocinsa suka fi nauyi ƙafa, ya ba shi iyaka mai sassauci. Ƙatuwar mota mai tan biyu da rabi, mai batirin da ake cajawa a gida, tana iya nuna ƙasa da giram 50 a ɗakin gwaji. Rahoton da hukumar Tarayyar ta fitar a 2024, daga na'urorin da ke cikin motocin kansu, ya nuna irin waɗannan motoci suna fitar da kimanin ninki uku da rabi na abin da aka rubuta musu, domin masu su ba su damu da cajin ba. Ƙananan injinan turbo ma tsiminsu yana raguwa da zarar an matsa musu, don yawan iska yawan mai yake nema. Dokar da ta bar giwa ta wuce ta tare zomo tana buƙatar gyara: a auna abin da mota ke sha a kan hanya, a kuma sa nauyi cikin lissafi a matsayin laifi, ba uzuri ba. Da an yi haka, ƙaramar motar sukuwa za ta iya kare kanta ba tare da an yi mata alfarma ba.

Wasu sun ɗora fatansu a kan fetur ɗin haɗi. A Disambar 2022 aka buɗe wata masana'antar gwaji mai suna Haru Oni kusa da Punta Arenas a kudancin Chile, da hannun Porsche a ciki. Ana amfani da lantarkin iska a raba ruwa a fitar da haidirojin, a haɗa shi da kabon-dayoksaid a sami mai. Ɗalibi zai ga kamannin wannan da abin da ganye ke yi da hasken rana. Matsalar ita ce asara a kowane mataki. Lantarkin da za a kashe a yi man tafiyar kilomita ɗaya zai kai motar batir ninki huɗu ko fiye. An tsara masana'antar ta fara da lita 130,000 a shekara, abin da 'yan tankoki kaɗan za su kwashe. Irin wannan mai ba zai taɓa wadatar da motocin duniya ba, kuma jiragen sama da na ruwa sun fi buƙatarsa. Amma ga 'yan motocin da ake fitowa da su ranar hutu kawai, tsadarsa ba za ta hana ba. Doki ma da mota ta karɓe masa aiki bai ƙare ba, sai dai ya koma na hawan salla da filin sukuwa, abincinsa kuma ya zama nauyin mai hali.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu kuɗin Turai ce. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Canjin da ya fara a motocin sukuwa ya riga ya game motocin yau da kullum, kuma abin da aka daina ƙerawa a can yau, shi ne zai daina isowa nan bayan shekara goma ko sha biyar. Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, injinta mai shaƙa da kansa ne, giyarta ta hannu, bakanike yana iya sauke ta a gindin bishiya ya mayar, idan batir ya mutu a tura ta ta tashi. Ƙaramin inji mai turbo ba ya yafe gurɓataccen fetur ko baƙin man da ya wuce lokacinsa, ƙura da zafi suna gajiyar da shi, giya mai kuloci biyu kuma ba a taɓa ta sai da na'urar karanta kwamfuta. Yaran da ke koyon aiki a gareji yanzu, da waɗanda ke kwalejojin fasaha, irin motocin da za su tarar ke nan, kuma manhajar da ta tsaya a kafireto da fulogi ba za ta ciyar da su ba.

Idan aka tattara alamun, inji mai shaƙa da kansa zai kai shekarun 2030 a manyan motoci masu tsada, jingine da batir, da kuma a kasuwanni irin na Amurka inda harajin girman inji bai matsa ba. Giyar hannu za ta riga shi tafiya daga yawancin kamfanoni, ta rage a hannun ƙalilan irin su Mazda da Porsche muddin doka ta bar musu hanya. Kuma ba lallai dokar hayaƙi ce za ta ƙarasa ta ba. A Yunin 2021 an wayi gari ba a iya sayar da GT3 mai giyar hannu a jihar Kalifoniya, alhali 'yar'uwarta mai otomatik ta wuce, saboda wata tsohuwar hanyar gwajin ƙara da ke tilasta wa mai giyar hannu ta zabura a ƙaramar giya. An warware matsalar cikin 'yan kwanaki bayan tattaunawa da hukumomin jihar. Porsche tana da lauyoyi da injiniyoyin da za su bi irin wannan magana. Ƙaramin kamfani mai ƙaramar riba zai ga ya fi masa sauƙi ya cire giyar daga jerin kayansa.